Na yi feshi sau biyu amma ciyawar fili tana ci gaba da mutuwa: shin maganin ƙwari yana aiki kuwa?

Mai Kula da Filin Ƙwallo:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin sha'anin ƙwari. Ni ne nake kula da ciyawar wani filin ƙwallon ƙafa, yau shekara 4 ke nan. Makonni 5 da suka wuce na fara ganin wasu wurare suna bushewa tabo-tabo, musamman ɓangaren da rana ta fi bugawa. Da farko na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara ban-ruwa, amma ciyawar ba ta farfaɗo ba. Daga nan wani mai sayar da magunguna ya ba ni wani maganin ƙwari mai suna bifentirin, ya ce babu ƙwaron da yake tsallake shi. Na fesa shi kamar yadda aka rubuta a jikin gorar, bayan kwana 14 na sake fesawa. Yau tabon ya ninka, kuma idan mutum ya kama ciyawar ya ja, sai ta taso gaba ɗaya kamar ana naɗe tabarma, ga hankaki sun mayar da wurin wajen tono kowace safiya. Abin da nake son sani shi ne, shin waɗannan magunguna suna kashe ƙwarin ciyawa da gaske, ko kuwa kuɗi kawai muke zubarwa?

Tsohon Mai Feshi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin kowa ya ba ka sunan wani magani, ka ɗauki shebur ka koma filin. Kada ka tona tsakiyar inda ya mutu, ka tona bakin iyaka, inda kore ya haɗu da busasshe, domin nan ne mai ɓarnar yake cin abincinsa a yanzu. Ka yanka ciyawar murabba'i, santimita 30 kowane gefe, ka ɗaga ta, ka barbaza ƙasar har zurfin santimita 7 ko 8, sannan ka ƙirga abin da ka gani. Ka maimaita haka a wurare 5 ko 6. Ka kuma duba kaurin matacciyar ciyawar da ta taru tsakanin koren ganye da ƙasa, wadda mu muke kira katifa. A wani gefen daban ka dama cokali 2 na sabulun ruwa na wanke kwanuka a cikin lita 4 zuwa 8 na ruwa, ka kwarara a kan mita ɗaya murabba'i, ka tsaya minti 10 ka ga abin da zai fito sama. Idan ka kawo mana wannan bayani, sai mu yi magana a kan hujja.

Mai Kula da Filin Ƙwallo:

Na gode, Baba, na yi yadda ka ce. Ruwan sabulu bai fito da komai ba sai tana biyu. Amma a ƙarƙashin ciyawar na sami fararen tsutsotsi masu kauri, kansu ruwan ƙasa, suna da ƙafafu 6 a gaba, kuma kowace ta lanƙwashe kamar jinjirin wata. A rami na farko na ƙirga 14, a sauran kuwa tsakanin 9 da 13, sai rami ɗaya can inda ciyawa take da lafiya na sami 2 kacal. Tsawonsu ya kai santimita 2 da rabi. Saiwar ciyawar duk an cinye ta. Katifar kuma ta kusa santimita 2. Dukansu da ransu, babu ko ɗaya da ta nuna alamar magani ya taɓa ta.

Malamin Kimiyyar Ƙwari:

Malam, abin da ka gani gwazarma ce, wato 'ya'yan ƙwarin da suke dangi ɗaya da buzuzu. Iyayen suna tashi sama, su sauka a ƙasa mai laima su saka ƙwai, bayan kamar mako 2 ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga cin saiwa. Tana yin saɓa sau biyu kafin ta kai cikakken girmanta, kuma waɗanda ka kwatanta sun riga sun shiga mataki na uku, wanda shi ne ya fi ci, shi ne kuma ya fi wuyar kashewa.

Amsar tambayarka ita ce magungunan suna aiki, wasunsu ma suna aiki ƙwarai, amma wanda aka ba ka ba a yi shi domin wannan yaƙi ba. Ƙwarin ciyawa sun rabu gida biyu dangane da inda suke zama. Akwai na sama, masu cin ganye ko masu tsotson ruwan jikin ciyawa, kamar tsutsar nan mai tafiya ayari-ayari da ake kira Spodoptera frugiperda, da tsutsa mai yanke ciyawa daga gindi da daddare, da ƙananan ƙwari masu tsotso na dangin Blissus. Akwai kuma na ƙasa, masu cin saiwa, kamar gwazarma da gyare mai tona rami da 'ya'yan ƙuda mai dogayen ƙafafu da suke addabar filayen Ingila. Bifentirin da 'yan'uwansa na dangin firetiroid ba sa narkewa a ruwa sosai, kuma suna manne wa ganye da ruɓaɓɓiyar ciyawa ƙam. Wannan halin shi ne ƙarfinsu a kan ƙwarin sama, domin suna tsayawa daidai inda ƙwaron yake yawo. Shi ne kuma rauninsu a kan gwazarma, domin katifar santimita 2 da ka auna ta riƙe kusan duk abin da ka fesa, bai kai ga saiwa ba balle ya taɓa mai cin ta. Ko da ka fesa sau 10 sakamakon ɗaya ne.

Dangane da ƙirgarka, yawancin masu ba da shawara kan ciyawa suna ɗaukar gwazarma 5 zuwa 10 a murabba'in da ka yanka a matsayin iyakar da ɓarna take fara bayyana, gwargwadon nau'inta da ƙarfin ciyawar. Kai ka wuce wannan iyaka.

Mai Lambun Gida:

Allah ya gafarta Malam, ni ban gamsu gaba ɗaya ba. Na daɗe ina jin cewa ƙwari sun saba da magani, wanda yake kashe su jiya yau ba ya yi musu komai. Ta yaya za mu tabbatar cewa ba wannan ne ya faru a filin ɗan'uwanmu ba? A ganina duk lokacin da magani ya gaza sai a ce laifin mai feshi ne, ba a taɓa cewa laifin maganin ba ne.

Malamin Kimiyyar Ƙwari:

Maganarka tana da tushe, kuma ba zan raina ta ba. Jure wa magani abu ne da aka tabbatar a ƙwarin ciyawa. A jihar Fulorida ta Amurka, ƙwaron tsotso mai suna Blissus insularis ya bi magunguna ɗaya bayan ɗaya yana fin ƙarfinsu tun zamanin tsohon maganin ƙwari da ake kira DDT, har a shekarar 2005 aka wallafa cewa bifentirin ma ya daina kama wasu daga cikinsu. A filayen golf na arewa maso gabashin Amurka akwai wani ƙaramin ƙwaro mai dogon baki, Listronotus maculicollis, wanda aka riƙa yi wa feshin firetiroid sau da dama a kowace shekara, har aka wayi gari maganin bai dame shi ba. Amma ka lura da abin da ya haɗa misalan nan biyu: ƙwari ne masu hayayyafa fiye da sau ɗaya a shekara, ba sa nisa da inda aka haife su, kuma an dinga zuba musu magani iri ɗaya shekara da shekaru. Gwazarma kuwa yawancinta zagaye ɗaya take yi a shekara, wata ma sai shekara 3, kuma iyayenta suna shigowa daga wuraren da ba a taɓa yi wa feshi ba. Ban da haka, ba a cewa ƙwaro ya jure wa maganin da bai taɓa jikinsa ba.

Domin kauce wa wannan matsala ne aka kasa magunguna rukuni-rukuni bisa yadda suke kashe ƙwaro, kuma ana buga lambar rukunin a jikin gora a ƙasashe da yawa: 1A da 1B ga kabamet da oganofosfet, 3A ga firetiroid, 4A ga niyonikotinoid, 28 ga dayamaid. Wanda ya sauya sunan kamfani amma lambar ba ta sauya ba, bai sauya magani ba.

Tsohon Mai Feshi:

Ina goyon bayan Malam, kuma ina so in ƙara abin da aiki ya koya mini, wato lokaci ya fi sunan magani muhimmanci. Maganin gwazarma iri biyu ne. Akwai na riga-kafi, wanda ake sakawa kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe ko daidai lokacin da yake ƙyanƙyashewa, ya zauna a ƙasa da cikin saiwa yana jiran jaririyar tsutsa. A nan ne ake samun imidakulofirid, wanda ya shiga kasuwar ciyawa ta Amurka a 1994 da sunan Merit, da 'yan'uwansa tayametozam da kulotiyanidin, dukansu na dangin niyonikotinoid, sai kuma kulorantiranilifurol, wanda ya fito a 2008 da sunan Acelepryn. Akwai kuma na warkarwa, wanda ake sakawa bayan an ga ɓarna, kamar tirikulofon da ake sayarwa da sunan Dylox, da kabaril da aka daɗe da sani da sunan Sevin.

Bambancin da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne. Masu binciken ciyawa a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka sun bayyana cewa niyonikotinoid da aka saka a watan Yuni ko Yuli, aka kuma bi shi da ruwa, yana rage gwazarma da kashi 75 zuwa 100 cikin ɗari, alhali magungunan warkarwa da aka saka a watan Satumba suna kashe tsakanin kashi 20 zuwa 80 ne kawai. Waɗannan watanni na yankinsu ne, inda ake hunturu mai tsanani. Kowa sai ya lura da lokacin da iyayen ƙwarin suke tashi a inda yake, ya ƙirga daga nan. Shi kulorantiranilifurol yana da nawar shiga ƙasa, shi ya sa ake saka shi da wuri, wata 2 ko fiye kafin ƙyanƙyasa. Na sha ganin mutum ya sayi maganin riga-kafi mai tsada ya zuba a kan manyan gwazarma, bai ga komai ba, ya ce jabu ne. Ba jabu ba ne, an kira shi ne bayan lokacinsa ya wuce.

Ɗalibar Aikin Gona:

Baba, ina da tambaya a kan waɗannan alƙaluma, domin tazarar da ke tsakanin 20 da 80 ta yi yawa. Idan magani ɗaya zai iya kashe kashi 80 a wani fili ya kashe kashi 20 a wani, me ya rage na ma'anar cewa yana aiki? Kuma ta yaya ake auna wannan kaso tun farko, tun da gwazarma tana mutuwa da kanta saboda cuta da tsuntsaye da bushewar ƙasa?

Malamin Kimiyyar Ƙwari:

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya riƙa yi, 'yata. A gwajin kirki ana raba fili ƙananan yankuna, a yi wa wasu magani, a bar wasu ba a taɓa su ba, a maimaita kowane sau 4 ko fiye a wurare daban-daban, domin gwazarma ba ta bazuwa daidai wa daida, taruwa take yi nan da can. Bayan makonni sai a tona a ƙirga masu rai. Kason da ake bayarwa kwatanci ne tsakanin yankin da aka yi wa magani da wanda aka bari, kuma akwai lissafin da wani masanin ƙwari mai suna Abbott ya wallafa a 1925 wanda har yau ake amfani da shi wajen cire mutuwar da ba magani ne ya jawo ta ba. Duk wanda ya ce miki maganinsa ya yi aiki alhali bai bar wani gefe don kwatanci ba, abin da ya gani yake faɗa, ba abin da ya auna ba.

Tazarar kuwa tana fitowa ne daga abubuwa sanannu. Girman tsutsa na ɗaya daga ciki. Nau'inta ma haka, domin gwazarmar ƙwaron Japan, Popillia japonica, wanda aka fara gani a Amurka a 1916 a jihar New Jersey, ta fi saurin mutuwa a kan wasu danginta da suka fito daga Turai. Sai laimar ƙasa: idan ƙasa ta bushe ko sanyi ya shigo, gwazarma takan nutsa can ƙasa inda magani ba ya kai. Sai kaurin katifa, sai yawan ruwan da aka bi maganin da shi. Akwai ma wani abu da aka gano a shekarun 1980 da wani magani mai suna aisofenfos, inda ƙananan halittun cikin ƙasa suka koyi narkar da shi da sauri a filayen da aka yawaita zuba shi, har ya riƙa ƙarewa kafin ya yi aiki.

Sannan ki tuna cewa ba a neman kashe dukansu. Idan fili yana da 12 a murabba'i, magani ya kashe kashi 60, saura kusan 5, kuma ciyawa mai samun ruwa da taki tana iya ɗaukar wannan ta sake fitar da saiwa.

Mai Kiwon Zuma:

Malamai, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. An yabi maganin riga-kafi saboda yawan kason da yake kashewa, amma ba a faɗi cewa ana zuba shi ne kafin a san ko gwazarmar za ta zo ba. Filaye da yawa ba sa kai wa ga iyakar ɓarna a yawancin shekaru, amma ana zuba musu niyonikotinoid kowace shekara. Wannan magani yana bin jijiyar tsiro ya hau har cikin fure. A Jami'ar Kentaki ta Amurka an yi gwaji da aka wallafa a 2013, inda aka fesa kulotiyanidin a kan ciyawar da ke da ƙananan furanni, aka ga gidajen manyan ƙudan zuma na daji da suka ci daga wurin ba su yi ƙiba ba, ba su kuma fitar da sababbin sarauniyoyi ba. Tarayyar Turai ta hana amfani da imidakulofirid da kulotiyanidin da tayametozam a waje tun 2018. Kuma wannan ba shi ne karo na farko da maganin ciyawa ya yi ɓarna ba: a 1988 Amurka ta hana diyazinon a filayen golf da gonakin noman ciyawa saboda yadda yake kashe tsuntsaye masu kiwo a wurin, daga baya aka daina sayar da shi don amfanin gida a ƙarshen 2004. Ni a wurina, idan ana tambayar ko magani yana aiki, dole ne a haɗa da abin da ya kashe wanda ba a aike shi ba.

Tsohon Mai Feshi:

Hajiya, ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba, amma ki duba halin da ɗan'uwanmu yake ciki. Filin ƙwallo ba ado ba ne kawai. Ciyawar da ba ta da saiwa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafar mai gudu, kuma ramukan da dabbobi suka tona suna karya idon sawu. Wanda aka ɗora wa amanar irin wannan fili ba zai iya jiran ɓarna ta bayyana kowace shekara sannan ya nemi maganin da watakila ya kashe rabi ba. Kuma gwajin nan na Kentaki da kika ambata ya nuna wasu abubuwa biyu: kulorantiranilifurol bai cutar da gidajen ƙudan zuman ba, sannan idan aka aske furannin da maganin ya taɓa, haɗarin yana raguwa sosai. Ke nan akwai hanyar yin riga-kafi ba tare da an hallaka zuma ba. Maganin warkarwa ma ba mai tsarki ba ne. Kabaril yana kashe ƙudan zuma idan ya same su, kuma yana kashe tana, wadda ita ce take cinye katifar da muke kuka da ita.

Mai Kiwon Zuma:

Na yarda da batun filin wasa, Baba, kuma na ji daɗin da ka ambaci tana. Inda ban yarda ba shi ne a mayar da riga-kafi ɗabi'ar kowace shekara a kowane fili, har da ƙaramin filin gida da babu mai gudu a kansa. Lardin Ontariyo na Kanada ya hana yawancin magungunan feshi a ciyawar ado tun 2009, Faransa ma ta hana masu lambun gida amfani da su daga 2019, kuma mutanen can ba su daina shuka ciyawa ba.

Malamin Kimiyyar Ƙwari:

Ina ganin ku biyun kuna kusa da juna fiye da yadda kuke zato. Gwazarma tana da ɗabi'ar komawa wuraren da ta saba, wato gefen da rana take bugawa, da inda ake yawan ban-ruwa a lokacin saka ƙwai, da kusa da fitilun dare ga nau'in da haske yake jawowa. Mai kula da fili da yake rubuta inda ya sami ɓarna bana yana iya yin riga-kafi baɗi a waɗannan wurare kaɗai, ya bar sauran filin. Akwai riba a barin, domin tururuwa da gizo-gizo da ƙwarin ƙasa masu farauta suna cinye ƙwai da ƙananan tsutsotsi masu yawa ba tare da an biya su ba, kuma feshin da ba ya zaɓe yana rage su. Bifentirin ɗin da aka fesa sau biyu a wannan fili bai taɓa gwazarma ba, amma da wuya a ce bai taɓa waɗannan mafarauta ba, tun da su a sama suke yawo.

Mai Lambun Gida:

To ina batun magungunan da ba na sinadari ba? Na taɓa sayen waɗannan ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, nematod, na zuba a ciyawata da tsakar rana, ban ga wani sauyi ba. Shi ya sa nake shakkar komai.

Ɗalibar Aikin Gona:

Yaya, nematod halitta ce mai rai, kuma hasken rana da bushewa suna kashe ta cikin ɗan lokaci, don haka zubawa da tsakar rana kaɗai ya isa ya ɓata aikin. Ana ajiye ta a wuri mai sanyi, a jiƙa ƙasa kafin a zuba, a zuba da yamma ko ranar da hadari ya rufe, a bi ta da ruwa nan take, sannan a riƙe laimar ƙasa har mako 2. Nau'i ma yana da muhimmanci. Heterorhabditis bacteriophora ita ce take nutsawa cikin ƙasa tana neman gwazarma, ita kuwa Steinernema carpocapsae a sama take zama tana kwanton tsutsotsin ganye, don haka wanda ya zuba ta biyun a kan gwazarma ya yi kuskure irin wanda aka yi da bifentirin. Ko an cika duk sharuɗɗan, sakamakonta yana hawa da sauka fiye da na maganin riga-kafi, wannan gaskiya ce. Haka ma ƙwayar cutar Paenibacillus popilliae da ake sayarwa, gwazarmar ƙwaron Japan kaɗai take kamawa, kuma gwaje-gwajen fili ba su nuna ta a matsayin abin dogaro ba.

Amma akwai inda wannan hanya ta yi nasara babba. Gyare mai tona rami da ya shiga kudu maso gabashin Amurka daga Kudancin Amurka wajen 1900 ya daɗe yana lalata ciyawa, har Jami'ar Fulorida ta shigo da abokan gabarsa daga ƙasarsa ta asali, wato nematod Steinernema scapterisci, da zanzaro Larra bicolor, da wani ƙuda mai suna Ormia depleta, kuma yawan gyaren ya faɗi warwas a wuraren da suka kafu.

Mai Kula da Filin Ƙwallo:

Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu dai lokacin riga-kafi ya wuce ni a bana. Me zan yi a wannan mako, kafin abin da ya rage na filin ya tafi?

Tsohon Mai Feshi:

Ka fara da bincika abin da dokar ƙasarka ta amince a saka a filin wasa, domin maganin da aka halatta a wata ƙasa an hana shi a wata, kuma rubutun jikin gora shi ne abin bi, ba maganata ba. Idan tirikulofon yana cikin waɗanda aka amince da su, shi ne ya fi dacewa da manyan gwazarma, saboda yana narkewa a ruwa, yana ratsa katifa fiye da saura, kuma yana aiki cikin 'yan kwanaki. Ka aske ciyawar ka kwashe abin da ka aske. Ka ba filin ruwa sosai kwana ɗaya kafin aikin, domin gwazarmar ta hauro kusa da sama. Ka saka maganin a wuraren da ƙirgarka ta wuce iyaka da ɗan abin da ya kewaye su, ba filin duka ba, sannan nan take ka bi shi da ruwa kimanin milimita 12 zuwa 13. Hanyar aunawa mai sauƙi ita ce ka jera gwangwanaye marasa komai a filin ka ga lokacin da ruwa ya kai wannan tsayi a cikinsu.

Abu biyu ne suke yawan kayar da mutane a nan. Na farko, tirikulofon yana lalacewa cikin sa'o'i kaɗan a ruwa mai kanwa-kanwa, don haka ka gwada ruwan da za ka dama shi da shi, ka ga ko yana da kanwa-kanwa, kuma kada ka dama ka ajiye, ka fesa a take. Na biyu, ka gwada injin feshinka da ruwa zalla a kan wani yanki da ka auna, ka san ainihin abin da yake fitarwa, domin da yawa suna zuba rabin adadin da ake bukata ba su sani ba. Ka sa safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, domin wannan oganofosfet ne, dangin magani mai guba ga mutum.

Idan wata rana tsutsar ganye ce ta zo maka, dokar ta juya: ka fesa da yamma domin da dare take ci, kuma kada ka yi ban-ruwa ko aski har kwana ɗaya, saboda a kan ganye kake son maganin ya tsaya. A nan ne sauran bifentirin ɗinka zai yi amfani, kuma ƙananan tsutsotsi sun fi manya saurin mutuwa.

Mai Kiwon Zuma:

Ina roƙon ka, Malam, ka tabbatar babu fure ko ɗaya a wurin kafin ka fesa, kada ka bar ruwan ya gangara zuwa magudana ko tafki, kuma ka rufe filin ga yara da 'yan wasa har tsawon lokacin da aka rubuta a jikin gorar. Sauran bifentirin ɗin ma ka nisanta shi daga ruwa, domin yana da matuƙar guba ga kifi.

Mai Kula da Filin Ƙwallo:

Na dawo da rahoto bayan kwana 12. Na sami tirikulofon, na bi matakan da Baba ya jera, na kuma bar wani ɗan yanki a bayan raga ban saka masa komai ba, kamar yadda Malam ya bayyana wa ɗalibarmu. Jiya na tona ramuka 6 a inda na yi magani, na sami masu rai tsakanin 3 da 6 a kowane, tare da wasu da suka mutu suka yi baƙi. A bayan raga na tona 2, na sami 11 da 12. Hankaki sun ragu amma ba su daina zuwa ba. Wuraren da suka mutu ƙurmus ba su dawo ba, na kankare su na sake watsa iri, amma a bakin iyaka na ga sababbin fararen saiwoyi sun fara kama ƙasa. Na zana taswirar filin na sa alama a duk inda ƙirga ta wuce 8, na ɗaga tsayin askin ciyawar a gefen fili, kuma na nemi a ba ni injin da zai rage katifar idan ciyawa ta yi ƙarfi. Na ajiye gwazarma 5 a cikin kwalba da barasar asibiti. Malam, idan na turo hoton ƙarshen cikinsu ta ƙasa, inda gashin nan yake jere, za ka iya gaya mini nau'insu, domin in san watan da zan fara sa ido ga iyayen baɗi?

Malamin Kimiyyar Ƙwari:

Ka turo, Malam. Ka ɗauki hoton da haske mai kyau ta cikin madubin ƙara girma, domin jerin gashin nan shi ne ake bambanta nau'i da shi: na ƙwaron Japan yana da siffar harafin V, wasu kuma layi biyu ne a jere, wasu a warwatse suke ba tsari. Ka haɗa da hoton guda 3 aƙalla, saboda ana samun nau'i biyu a fili ɗaya, kuma idan ɗayansu mai zagayen shekara 3 ne, lissafin lokacin riga-kafinka zai sauya.